Gorar Hajja Bintu

Ƙarfe goma na safe ruwa ya ɗauke, amma gari bai washe ba, kwatocin unguwar Gwallaga duk sun tumbatsa. Ɗanlarai tela yana shago yana taka keke da ƙafa, don babu wuta. Kwanansa ashirin da dawowa daga Akra ta ƙasar Gana, inda ya yi wata goma sha huɗu yana ɗinki a shagon kawunsa.

'Yan sannu da zuwa kowa ya zo da tambayarsa, shi kuwa abin da ya gani ba shi da yawa. Unguwar da ya zauna, Nima, Hausa ake yi. Tuwo ya ci, koko ya sha, mai wanke masa hula ma ɗan Azare ne. Da aka matsa masa sai ya ce akwai zafi. Aka ce to, madalla.

Aike ɗaya aka yi masa. Ranar da zai tafi, kakarsa Hajja Bintu ta ba shi wata gorar roba, ta ce tunda garin a bakin teku yake, ya ɗebo mata ruwan, an ce yana maganin ciwon gwiwa. Daga Nima zuwa teku tafiyar mota ɗaya ce. Kowace Juma'a yakan ce Juma'a mai zuwa. Ɗinkin ƙaramar Sallah ya zo, na babba ya biyo baya, biki ya bi biki. Da zai dawo aka ce masa kada ya damu, a Lome titi gefen ruwa yake bi. Ya rungume gorar ya zauna kusa da taga. Da ya farka har sun wuce Lome da nisa.

A tashar Jos ya sayi fiya wata leda uku da gishiri ƙulli ɗaya, ya koma bayan wata tirela ya haɗa.

Hajja ta shafa ruwan kwana uku, ta ce gwiwa ta saki. Har masallacin Juma'a ta je da ƙafarta. Yanzu ba ta da zance sai na mai gidanta da ya je ƙarshen ƙasa ya ɗebo mata magani, tana kuma aika wa tsofaffin unguwa murfi ɗaiɗai. Jiya ta juye ragowar a kwalba ta dawo masa da gorar, ta ce ya ajiye don tafiya ta gaba. Gorar tana nan ƙarƙashin teburin yanka, bini-bini idonsa a kanta.

Yana cikin wannan tunani sai ga Phoebe mai atamfa, wadda shagonta ke kallon nasa. Duk wata biyu takan je Kwatano, can bakin teku, saro kaya. Ita ma an aika wa mamarta murfi ɗaya. Ta kakkaɓe lema, ta zauna a benci, ta ce mama tana godiya. Sannan ta tambaye shi yaya ya ga teku.

Ɗanlarai ya ce babba ne.

Ta ce ƙwarai. Launinsa fa?

Ya ɗan dubi zaren da ke kan keken, ya ce shuɗi-shuɗi.

“Tela, na ɗanɗana ruwan nan,” in ji Phoebe. “Gishirin ya yi kaɗan. Kuma ruwan teku ƙarni yake yi, da yashi a ƙasansa. Naka ko shayi za a dafa da shi.”

Ya tsayar da keken. Bai yi musu ba, ba halinsa ba ne. Ya ba ta labari tun daga Juma'o'in har zuwa bayan tirela. Ta saurara ba ta yi dariya ba, sai da ya zo kan Lome ta ɗan juya kai ta kalli titi.

“Anti Phoebe, Hajja za ta ji?”

Ta ce ita atamfa take sayarwa, ba labari ba.

Sai ya gaya mata shirinsa. Bayan Sallah zai tafi Kwatano, an ce ana neman masu aikin wuyan riga. Ranar da ya sauka, kafin masauki, kafin abinci, bakin ruwa zai fara zuwa. Ya tambayi hanya. Ta ce ta Ikko zai bi ya tsallaka iyaka a Seme. Idan ya isa kada ya nemi unguwar Hausawa, in ya shiga ba zai fito ba. Kuma ya sha kofi tun daga Ikko. Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin bango: Seme, kofi.

Ta ce amma Sallah da sauran wata huɗu, kwalbar Hajja kuwa ba za ta kai ba, ga yadda take rabo. Ya ce ya sani. Ya ce shi dai ba zai ƙara sayen gishiri ba.

Nan wani mai babur ya shigo da wando a hannu, ya yage a gwiwa, yana sauri. Ɗanlarai ya karɓa, ya cusa allurai uku a baki, ya shiga daidaita yagewar. Phoebe ta miƙe, ta ce bari ta je ta buɗe shago, ranar Talata za ta kama hanyar Kwatano. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta zaro gorar daga ƙarƙashin tebur, ta jefa a jakarta.

Ɗanlarai ya gani. Allurai na bakinsa, mai babur na tsaye a kansa. Ta buɗe lema ta tsallake kwata, shi kuma ya ci gaba da taka keke.