Kifin Anacleto

Mu masu daɓen dutse a Lisbon, kowa yana da 'yar alamar da yake ɓoyewa a cikin aikinsa. Ta Anacleto ɗan kifi ne na baƙaƙen duwatsu tara, a ƙofar gidan burodin unguwarmu. Shekara talatin da takwas ke nan, in ya zo wurin sai ya rage tafiya kamar zai gaida suruki.

Da aka tone layin don canza bututun ruwa, tsohon ya daina bi ta nan. Ciwon gwiwa ya riga ya raba shi da guduma. Firmino, abokin aikinsa da ba sa wuni ba su yi musu ba, shi aka ba aikin mayar da daɓen.

Ranar da aka gama, Firmino ya jawo shi har wurin. Ga kifin nan kwance a tsakiyar fararen duwatsu.

Anacleto ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Firmino, wutsiyar nan ai a karkace take."

"Haka na same ta, gwani," in ji Firmino. "Wuni guda na ɓata kafin na iya karkata ta irin taka. Hannuna bai saba ba."