Minti Biyun Ƙanen Kafinta

"Baffa, lokacinka ya cika," in ji babban ɗan kafinta, yana ƙwanƙwasa agogon hannunsa.

Mai kitso, maƙwabciyarsu ta shekara talatin, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Likita ya ce kafinta ba zai kai yamma ba, kada a gajiyar da shi. Shi ne fa ɗan nan ya jera dangi a baranda kamar masu jiran allura: kowa minti biyu, ba babba ba yaro.

To ƙanen kafinta in'ina gare shi, mai tsanani. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji da yayansa. Yau ya zo neman gafara, minti biyunsa kaf suka ƙare a kan "Ya-ya-yaya". Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ran mai kitso ya ɓaci. Ta tokare ƙofa da jikinta, kuma Allah ya hore mata jiki.

"Ba inda za shi."

"Inna, kowa biyu na ba shi. Ban fifita kowa ba."

"Gwaggonka ta shiga ta zuba kamar famfo, har da labarin ciwon gwiwarta. Shi ko kalma ɗaya bai gama ba. Adalcin naka ke nan?"

"In na ƙara masa, sauran fa?"

"Sauran bakinsu lafiya lau! Ni na goya ka, kada ka nuna min agogo. In fitar da shi za ka yi, fara ɗaga ni tukuna."

A baranda wani ya ja tsaki, ta watsa masa harara, ya sunkuyar da kai.

A bayanta tana jin ƙanen yana kokawa da harshensa, ya kamo kalma ta kufce, ya sake kamowa. Tausayi ya kama ta har hawaye, amma ba ta matsa ba. An fi minti ashirin kafin "ka yafe mini" ta fito cikakkiya.

Sai muryar kafinta, ƙasa-ƙasa: "Tun tuni, sakarai. Jira nake ka gama."

Mutum shida ba su samu shiga ba kafin rai ya yi halinsa, har yau wasunsu ba sa gaishe da mai kitso. Ko a jikinta.

Da kafinta ya cika, ta shiga ta rufe taga. Ƙanen yana zaune a ƙarshen gado, ya ɗora ƙafafun yayansa a cinya, yana murza su a hankali kamar mai ɗumama su.