A Tambayi Ditte

Ditte na goge teburin ɗakin taro Troels ya leƙo da kofi a hannu, ya ce matar Asger tana ƙasa, tana ɗaure kekenta.

"Yau?"

"Yau. Na gaya mata mutanen ƙaramar hukuma za su zo bayan abincin rana. Ta ce ba za ta daɗe ba." Ya kurɓi kofin. "Ki roƙar mana ita, Ditte. Ta bar mana Tsoho Ejner na yau kaɗai. Kin san mutanen nan, in ba su yi dariya ba, ba sa sayen komai."

"Kai ne mai kamfani. Kai ka yi mata alkawari."

"Ni ne mai kamfani, amma tsoronta nake ji."

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani tsohon sito a bakin ruwa a birnin Aarhus, kuma abu ɗaya yake sayarwa: ɗan farin akwati da ake ajiye wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. In tsoho ya faɗi, sai ya yi magana, akwatin ya haɗa shi da ma'aikaciyar jinya. Asger ne ya ƙera shi, Ditte ke yawo da shi tana nuna wa masu saye yadda yake aiki. Wannan nunin ake kira demo, amma a ofishin kalmar ta cinye komai. Akwatin da take yawo da shi demo ne, ranar da baƙi za su zo demo ce, haka ma tsohon ƙarya da ke magana a ciki. Asger ne ya ƙirƙiro tsohon. Ya raɗa masa suna Ejner, ya ba shi ciwon gwiwa, ya ara masa muryarsa.

A farkon kaka zuciyar Asger ta tsaya yana kan keke, a hanyar gida. Ditte ta ci gaba da yawo da muryarsa gari gari. Makon jiya Bodil, matarsa, ta bugo waya ta ce a goge. An riga an haɗa wata murya da kwamfuta, mai tsabta, marar tari. Da safen nan, kafin kowa ya iso, Ditte ta kwafi tsohuwar muryar a wayarta, ba ta gaya wa kowa ba.

Bodil ta shigo gashinta a jiƙe. Doguwar mace ce, malamar lissafi, ba ta cire jakarta daga kafaɗa ba.

"Kofi?" in ji Troels.

"Na sha jin labarin kofinka, Troels. Na gode."

Ya yi 'yar dariya, ya ja ƙofa ya bar su.

"Ina so in ji kafin a goge," in ji Bodil. "Ban taɓa ji ba. Ba ya kawo aikinsa gida."

"Ba ya kunnuwa haka kawai. Sai an bi demo daga farko. Ki zauna nan, ke ce ma'aikaciyar jinya." Ditte ta ji bakinta na maimaita abin da take gaya wa kowane baƙo. "Ni zan riƙa faɗa miki abin da za ki tambaya. Kada ki kauce. Abin da aka shirya ne kawai yake da amsa."

Ta danna. Akwatin ya yi tari sau biyu, busasshe, sannan muryar tsoho ta fito.

"Sannunku. Ejner ne. Na faɗi a banɗaki. Kada ku yi gaggawa, ƙasan da ɗumi."

A nan ake dariya kullum. Bodil ba ta yi ba. Ta zura wa akwatin ido.

"Tarin babana ne wannan," ta ce. "Ɓarawo."

"Ki ce masa, ka ji ciwo?"

"Ka ji ciwo?"

"Ba abin da ya karye sai mutuncina."

"Yanzu ki tambaye shi ko zai iya tashi."

Bodil ta sauke jakarta ƙasa. Ta matso da kujera, ta sunkuya har bakinta ya kusa taɓa akwatin.

"Asger, ina ka ajiye makullin rumfar lambu?"

Ditte ta miƙa hannu za ta kashe, amma ta makara. Akwatin ya ɗan yi shiru. Muryar da ta biyo baya ba ta tsoho ba ce. Ta Asger ce, tasa ta kullum, wadda yake tambayar wa ya cinye masa burodi a firji da ita.

"Wannan ba ya cikin demo. A tambayi Ditte, ita ke da amsar komai."

Ya saka wannan ne saboda masu saye masu kutse da tambayoyinsu. Ditte ta ƙware wajen tare su tun kafin su kauce, har ta manta da shi.

Bodil ta ɗago ta dube ta. "To?"

Ditte ta tashi ta fita. A bayan ƙofar shiga akwai rigar ruwan Asger, ruwan ɗorawa, a rataye. Ranar da Asger ya rasu an yi rana, shi ya sa ya tafi ya bar ta, kuma tun daga nan kowa ke rataye tasa a gefe. Duk abin da ba ya so ya ɓata, a aljihun ciki yake jefa shi. Ta kawo rigar ta ɗora a kan tebur. Bodil ta zura hannu, ta fito da makulli ɗaure da jan zare.

"Tun kaka nake kallon rumfar nan ta taga," ta ce. "Na ƙi kiran mai fasa kwaɗo."

Ta ninke rigar a cinyarta. Ta gilashin ƙofa Ditte ta hango Troels yana yi mata alama da gira.

"Bodil, da za ki bar shi na yau kaɗai. Muna da baƙi." Ta tsaya. "Ba don baƙin ba ne."

"Na sani. Kin fi ni jin maganarsa, ke da kuke yini tare." Ba da zafi ta faɗa ba. "A gida ina yi masa magana, ba ya amsawa, har na fara sabawa. Wannan kuwa yana amsawa. In na san yana nan, gobe zan dawo, jibi ma haka. Ki goge."

Ditte ta buɗe kwamfuta ta juya mata ita don ta gani. Kwamfutar ta tambayi Ditte ko ta tabbata. Ta danna.

"Akwai saura a wani wuri?"

Ba zargi a tambayar. Da ta ce babu, da Bodil ta yarda ta tafi. Ditte ta zaro wayarta daga aljihu, ta ajiye kusa da akwatin, ta goge waccan ma. Bodil ta miƙe. Ta sa rigar mijinta a kan tata, hannuwan suka rufe mata yatsu, ta sauka.

Baƙin suka iso bayan abincin rana, mata biyu da wani mai furfura, suka rataye rigunansu a ƙugiyar da ta zama fanko. Troels ya yanka kek. Ditte ta yi bayani kamar kullum, ta zaunar da mai furfurar a kujerar ma'aikaciyar jinya, ta gargaɗe shi kada ya kauce, ta danna.

"Barka da rana," in ji sabuwar muryar. "Sunana Ejner. Na faɗi a banɗaki. Ina bukatar taimako."

Ditte ta ɗan dakata a inda aka saba dariya. Mutumin ya ɗago yana jiran ta.

"Ka tambaye shi ko ya ji ciwo," ta ce.