Ɗaliba ta Ashirin

Malama Seluia tana cusa busasshen kifi cikin jakar jikanyarta Tepola, sai ga Kaitu ya faɗo gidan ko gaisuwa babu. Shi ne shugaban tsibirin Nukumea, kuma taubashinta ne, tun suna yara ba ya buɗe baki sai da tsokana. Yau kam fuskarsa a murtuke take.

"Seluia, ashe da gaske ne? Ke da kanki za ki rufe mana makaranta?"

Ba ta ɗago ba. Kowa ya san dokar: makarantar da ɗalibanta suka gaza ashirin rufe ta ake yi, a kwashe yaran zuwa babban birni su zauna a hannun dangi. Ɗaliban Seluia ashirin ne cif, Tepola ce ta cika su. Jirgin ruwan da ya tsaya tun safe bayan duwatsun murjanin da suka kewaye tsibirin ya kawo jami'in ilimi, wanda zai ƙirga yara ranar Litinin. Yau Asabar. Kuma wannan jirgin ne zai juya yau ya tafi da Tepola wurin uwarta, wadda ke aikin gona a ƙasar Niyu Zilan.

Kaitu ya zauna a tabarma ya ɓare tarihi, kamar ba Seluia ce ta shekara talatin tana koyar da shi a aji ba. Zamanin kakanni jiragen ɓarayin mutane sun kwashe rabin tsibirin, waɗanda suka rage suka hayayyafa har aka kai mutum ɗari tara. Yanzu ɗari biyu ne da 'yan kai, yawanci tsofaffi masu gadin itatuwan kwakwa. Tsibirin da za ka ratsa daga wannan gaɓa zuwa waccan kafin shayinka ya huce, in yara suka tafi iyaye za su bi su, sai a bar wa ƙaguwa gidajen.

"Wata ɗaya kawai nake roƙo. Ya ƙirga, ya sa hannu, ya tafi. Sai ta bi jirgin wata mai zuwa."

"Kwana goma sha biyu suka rage wa takardarta ta shiga ƙasar, Kaitu, ka sani sarai."

"To a nemi wata mana."

"Wannan ɗin shekara shida uwarta ta yi tana nema."

Gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta san yaran sha tara ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta san wa ke fitsarin kwance har yanzu, wa ba zai jure zaman gidan wani ba. Amma ta kuma san yadda 'yarta ke kashe waya da sauri duk lokacin da kuka ya taso mata.

Da rana ta take, ruwan teku ya cika, aka fito da ƙaramin kwalekwalen da ke ratsa tsagar murjani zuwa jirgi. A bakin gaɓa Tepola ta riƙe zanen kakarta. Shekararta tara, kuma duk abin da aka faɗa ta ji.

"Kaka, in na zauna zuwa Litinin ba za a kwashe su ba, ko?"

"Wa ya sa bakinki cikin maganar manya? Shiga, ki riƙe jakarki da kyau. Ki gaida uwarki."

Da kanta ta ɗaga ta ta sa a kwalekwalen. Ta tsaya ruwa har gwiwa, sai da suka wuce tsagar lafiya sannan ta juyo.

Jami'in yana jira a gindin wata kwakwa, wandonsa a jiƙe, saurayi ne mai ladabi. Ya gaishe ta da Kaitu, wanda ya biyo ta bakin gaɓa, ya tambayi yawan ɗaliban bana. Kaitu ya yi caraf ya ce ashirin ne, wata ce kawai ba ta jin daɗi, ƙila ba za ta fito Litinin ba. Sannan ya kalli Seluia, kallon roƙo.

Ta matse gefen zanenta, ruwan ya tsiyaye a yashi.

"Goma sha tara ne, ɗana. Zo mu je ka ci abinci."