Matakala Ashirin da Biyu

Wace rana ce jikin mutum yake daina ɗaukarsa, ya koma shi ne kayan da ake ɗauka? Babu mai iya nuna ta da yatsa. Tirela ma, da abin ya faru a jikinsa, bai san ranar ba.

Shekara talatin ya yi yana dako a tashar manyan motoci, buhu biyu a kafaɗa ko nishi ba ya yi, daga nan sunan ya bi shi. Ya bar aikin, amma cin bai bar shi ba. Damatsan suna nan kamar taɓarya, sai dai tumbi ya yi gaba har ya tsare masa ganin yatsun ƙafarsa, cinyoyi kuma suka saki.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin matarsa ya shanye. A saman bene suke zaune, matakala ashirin da biyu, kuma duk Litinin da Alhamis sai an sauko da ita zuwa asibiti wajen gashin ƙashi. Likita ya ce in aka yi sakaci da waɗannan watanni, ƙafar ta tafi ke nan. Tirela ke rungumo ta a ƙirji ya sauko.

Ƙaninta tela ne, siriri, Tirela na kiransa Tsinke. Shi ya samo kujerar katako ya ɗinka mata ɗamara.

"Yaya, mu riƙa kamawa mu biyu mana."

"Da kai? Kai da iska ke kaɗawa? Je ka ji da allurarka. Matata ba injin niƙa ba ce da za a yi mata taron dangi."

Tsinke bai yi musu ba. Amma duk ranar asibiti sai ya zo da kujerar ya ajiye a ƙasan bene, kusa da tasin da ke kai su.

Ranar Litinin mai gashin ta lura da yadda Tirela ya yi tangaɗi bayan ya sauke matar.

"Baba, riƙe ƙugu, ka ɗaga ƙafa ɗaya mu gani."

Ya yi dariya ya ɗaga. Kafin ta ƙirga uku ya cafki ƙarfen gado. Tsinke kuwa na gefe a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, har da sosa kunne.

"Ƙarfin hannu daban, na tsayuwa daban," in ji ta. "Nauyinka ya ƙaru, tsokar da ke riƙe da shi ta ragu. Ga nata kuma ka ɗora a gaba. Kana wasa da rai biyu."

Kwana uku maganar na cin sa. Duk abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce ya iya ɗauka. To, don ita yake ɗaukar ta, ko don sunan? Ya juya tambayar ya sake juyawa, bai ga bakinta ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya sake rungumo ta. 'Yan dako suna da ƙa'ida: ba a tsayawa da kaya a gangara, in ka ji nauyi sai ka ƙara sauri. Ƙa'idar nan ta raine shi, ita ya bi. A matakala ta tara gwiwar hagu ta fara kakkarwa. Ya miƙa ƙafa yana laluben ta goma, bai ga komai ba sai zanin matarsa da tumbinsa. Jikinsa ya rinjaya gaba. Da ƙyar ya jefa kafaɗa jikin bango ya tsaya, silifas ɗinsa guda ya gangara yana bugun matakalai har ƙasa.

Gaba babu hali, baya babu hali. Gumi ya cika masa ido.

"Buɗe idonki, kada ki ji tsoro," ya ce.

Harshenta ya yi nauyi tun ciwon, sai da ta ja kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, ai kullum a rufe suke. Tun ranar farko."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, me zai rage maka?"

Ya ji kamar an sauke masa buhu na uku. A hankali ya zame da bayansa jikin bango, har ya zauna daɓas a kan matakalar, tana kan cinyarsa. Hannunta mai lafiya ya damƙe wuyan rigarsa har yatsun sun ƙage.

Daga ƙasa Tsinke ya leƙo, silifas ɗin a hannunsa.

Tirela ya buɗe baki, sunan wasan ya ƙi fitowa.

"Tela," ya ce. "Hawo da kujerar nan."

Da suka ɗaure ta da ɗamarar, ya tsaya yana kallon kujerar kamar bai taɓa ganin kaya ba.

"Ta ina zan kama?"