Ƙaiƙayin da ke Dawowa Tare da Motar Gado

Balaraba 'yar ƙanena ce, tana aure a Aliero. Shekara biyu da aka ba mu jihar Kebbi, wata ranar kasuwar Jega, sai ga ta a ƙofar ɗakina da ƙullin kaya a kai, idanu jawur. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Gwaggo, na gama da Gado. Ba ni komawa."

Gado mijinta ne, direban babbar mota, yana kai albasa kudu. Ni dama ban taɓa yarda da direba ba, don haka tun kafin in ji laifinsa na riga na yanke masa hukunci. Da na matsa mata, sai ta sunkuyar da kai ta faɗa. Ƙaiƙayi ne a gabanta, da wani farin abu kamar dagargazajjen kindirmo, ga zafi in ta yi fitsari. Ya lafa, ya dawo, kusan shekara guda ke nan. Kuma ta lura ba ya tashi sai Gado ya dawo daga tafiya.

"Kin tambaye shi?"

"Na tambaye shi. Ya rantse har da hawaye. To in ba shi ba, wa na? Shina dawowa, abin shina dawowa."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don lokacin ne rediyo ya fara maganar ƙanjamau. Da yamma Gado ya zo biko, ya tsuguna a zaure. Na aika masa cewa ba ta nan. Ya zauna har magariba, ya ajiye buhun albasa ya tafi. Ban ko bari an shigo da buhun ba.

Washegari na ja ta asibiti. Ba don a warkar da ita kaɗai ba, ina son hujjar da zan kai wa uban Gado. Muka samu Sista Raihanatu, wata 'yar Maiyama mai yawan dariya, abin da ya ba ni haushi tun farko. Ta shiga da Balaraba bayan labule, ta ɗebi abin da auduga a tsinke ta aika a duba a madubin likita, ta sa aka auna fitsarinta ko akwai suga. Babu suga. Da sakamako ya zo, sai ta zaunar da mu.

"Wanga ba ciwon da namiji ka kwasowa waje ba na," in ji ta. "Wata 'yar ƙwaya ta da kowace mace ke da ita. In an takura wa wurin, sai ta yi yawa."

"Sista," na ce, "to mi as sa abin bai tashi sai Gado ya dawo?"

Sai ta juya wajen Balaraba. "In kin ji shina hanya, mi kike yi?"

Yarinya ta kama murza bakin gyale. Da ƙyar magana ta fito. Ashe duk lokacin da yaran tasha suka ce motar Gado ta kusa, Balaraba kan tashi haiƙan. Ta shiga ruwan bagaruwa mai zafi, ta wanke har ciki da sabulun ƙamshi, ta ɗiga Dettol a ruwan tsarki, ta yi turaren tsuguno, ta sa miski, ta ɗauko ɗan kamfan leda da ta saya a kasuwarmu. Da ƙaiƙayin ya fara kuma, sai ta ƙara da kafso ja da rawaya daga kemis, wai rigakafin abin da zai kawo mata.

"Wa ya sa ki wanga aiki duka?" na tambaye ta.

"Gwaggo, Aliero hwa ta. Wuni nikai ina tsintar albasa. Mutum ya kwana bisa albasa har Legas, ya dawo gida ya iske matarshi tana warin albasa?"

Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, wannan karon ban ji haushinta ba. Ta ce sabulu da Dettol da kafson nan su ne ke kashe ƙwayoyi masu amfani da ke gadin wurin, su bar wa waccan ƙwayar fili. Ta ba ta maganin sakawa na mako guda, bayan nan sau ɗaya a mako har wata shida, ko da ta ji sauƙi. Ruwa zalla, daga waje kawai. Kamfai na auduga, a shanya shi a rana, ba a ƙarƙashin katifa ba don kunya. Kafso kuwa ta manta da shi sai likita ya rubuta.

Muna fitowa na zauna a gindin darbejiya ina hamdala. Balaraba ta fashe da kuka. Ba kukan ciwo ba ne, kukan rantsuwar da ta ƙi yarda da ita ne.

Muka iske Gado a zaure ya sake tsugunawa. Ya rame. Tun kafin mu yi magana ya ce ya mayar wa mai mota makulli, zai koma noma a ƙauyen Kashin Zama, in dai tafiyar ce ke raba su.

"Tashi ka koma ka amshi makullinka," na ce. "Kuma ka ɗauki matarka."

Ya dube ni, ya dube ta. Ita ce ta durƙusa ta ce, "Ba kai na ba. Ka yahe mani." Bai tambayi ko wane ne ba. Ya dai rufe fuska da hula na ɗan lokaci.

Bayan damina ta zo gaishe ni, ta yi ƙiba, abin bai sake dawowa ba. Na tambaye ta yaya ta ƙare da warin albasa. Ta rufe baki tana dariya.

"Na hwaɗa mishi, Gwaggo. Yac ce shi shekara goma ke nan hancinai bai jin albasa. Turaren na ke sa shi atishawa, kunyar hwaɗi yake."