Kunnen Hagu na Abarci

Zuhura ɗiyar fari ce, shi ya sa mahaifinta Abarci, dillalin raƙuma a kasuwar Dakoro, bai taɓa kiran sunanta ba. In ta gaishe shi sai ya kau da kai, ya amsa ciki-ciki. Lokacin da take karatun fizik a Yamai, tana bin yadda sauti ke ratsa iska da ruwa, ya daina amsawa gaba ɗaya. Duk gidan suka ce kunya ce ta ƙaru, tunda ɗiya ta girma.

Sai ranar da amale, ƙaton raƙumi, ya yi ruri a bayansa, kowa ya watse, shi ko waiwaye bai yi ba. Ranar Zuhura ta gane ba kunya ba ce, ji ne ba ya yi. Ta ajiye fizik ɗin da take so kamar ranta, ta koma ta fara karatun likitan kunne daga tushe. Ta sha kuka, amma ba ta fasa ba.

Yau ga ta a tsakar gida da na'urar gwaji. Makiyayan yankin Rumbu sun fara kai raƙumansu wurin wani dillali, amma Abarci ya ƙi zama a gwada shi.

"Hanatu, hwaɗa ma waccan ta maida kayanta," ya ce wa yayarsa da ƙarfi. "Ni zan zamna tana kallon ƙwayar idona?"

Gwaggo Hanatu ta kai baki kunnensa. "To ba ta baya mana, kurma! Wa ke marmarin ganin hancin nan naka? In ka ji ƙara, ka ɗaga hannu."

Ya yi tsaki, ya zauna yana kallon katanga. Zuhura ta ɗora masa na'urar a kunnuwa. Ba ta taɓa sanin furfurarsa ta yi yawa haka ba.

Kunnen dama. Ta yi ta ƙara sauti har ƙarshe, hannu bai motsa ba. Shekarun da aka ɓata ana cewa kunya ce sun tafi da shi. Ta koma na hagu.

A hankali hannun ya tashi.

"Gwaggo, ki ce mishi na hagu zai ɗauki na'urar ji."

"Ni 'yar aikenku ce? Hwaɗa mishi da bakinki."

Zuhura ta durƙusa ta gefen hagu. "Baba, za ka koma kasuwa."

Bai juyo ba. Hannun dai ya sake tashi, ya daɗe a sama.